Ƙarfin Zuciya: Mene ne Ma'anarsa?

Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi ƙauyukan Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, kalmar da muka fi ji a ta'aziyya da taron addu'a ita ce "ku yi ƙarfin zuciya." Ya kamata mu san abin da muke faɗa wa juna.

A Turanci ana cewa courage. Kalmar ta shigo musu ta Faransanci, tushenta kuwa cor ne, wato zuciya a harshen Latin. Ashe su da mu wuri ɗaya muka nufa: a zuciya abin yake. Muna kuma cewa ƙarfin hali, "hali" kuwa daga Larabci muka aro shi. Akwai jarumi, da sadauki, da barde, kalmomin fagen yaƙi. Ko sunan Ƙauran Namoda daga can ya fito: Ƙaura sarautar yaƙi ce, Namoda kuwa mayaƙi ne na farkon ƙarni na 19.

Amma Hausa ta raba ƙarfin zuciya da ganganci. Mai ganganci ba ya auna haɗari. Mai ƙarfin zuciya yana jin tsoro, yana auna haɗarin, duk da haka yakan yi abin da ke daidai.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya koya mana. A Joshuwa 1:9 dalilin ƙarfafawar shi ne Ubangiji yana tare da bawansa. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Bulus kansa a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu don ya tsira (Ayyukan Manzanni 9:25), ba wanda ya kira shi matsoraci.

Saboda haka, a daminar bana kada kowa ya tafi gona mai nisa shi kaɗai don a ce shi namiji ne. Mu fita tare, mu dawo da sauran rana, mu saurari gargaɗin maƙwabta, Kirista da Musulmi. Gwauruwar da ta sake shuka bayan an kwashe mata rumbu jaruma ce. Haka ma dattijon da ya tsaya a kan gaskiya ranar rabon kayan agaji.

Ubangiji ya ƙarfafa zukatanmu, ya ba mu hikima. Amin.