Amsoshin Takardunku: Wane ne Brigham Young?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da takarda yana cewa: don Allah ku ba ni tarihin mutumin da ya shugabanci 'yan ɗariƙar Mormon bayan wanda ya kafa ta.

To malam, sunansa Brigham Young. An haife shi a jihar Vermont ta Amurka a 1801. Kafinta ne kuma mai fenti, bai yi wani karatu mai zurfi ba. A 1832 ya shiga wannan ɗariƙa da Joseph Smith ya kafa a 1830.

A 1844 wani gungun mutane ya afka wa kurkukun garin Carthage a jihar Illinois, inda ake tsare da Smith, aka harbe shi. Nan fa rigimar gado ta tashi. Mataimakinsa Sidney Rigdon ya nemi shugabancin, amma galibin mabiya suka bi Young, wanda ke shugabantar majalisar manzanni 12 ta cocin.

Ka san fa, zama ya riga ya gagara tsakaninsu da maƙwabta. Saboda haka a watan Fabrairun 1846, cikin tsananin sanyi, suka fara barin garinsu Nauvoo da kekunan shanu, suka nausa yamma. Mutane da dama sun mutu a hanya. Ranar 24 ga Yuli 1847 Young ya isa kwarin Salt Lake, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Meziko. Wuri ne busasshe, sai da suka haƙa magudanan ruwa kafin noma ya yiwu. Nan ne gwanintarsa ta fito: shi ke cewa wane ya je can ya kafa gari, kuma a tafi. Daga baya ya zama gwamnan yankin Utah har 1858.

Amma fa akwai tabo. A 1857 wasu 'yan Mormon suka kashe matafiya kimanin 120 a Mountain Meadows, har yau masana na muhawara kan alhakin da ke wuyansa. Ya auri mata fiye da 50. Kuma a zamaninsa, a 1852, aka bayyana hana baƙar fata muƙamin limanci, ba a ɗage ba sai 1978, shekara 101 bayan rasuwarsa. Bayan nan ne cocin ya bunƙasa a Najeriya da Ghana, har ya buɗe manyan ɗakunan ibada a Accra a 2004, da Aba a 2005.

Da fatan mai sauraron namu ya gamsu.