Yadda Za A Koya Wa Ɗalibi Karatun Takardun Magabata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, malaman Hadisi ba su karɓar zance sai sun binciki isnadinsa, watau wa ya faɗa, wa kuma ya ji daga gare shi. A kan wannan ƙa'ida ya kamata mu ɗora ɗalibanmu idan muka miƙa musu tsofaffin takardun tarihi, irin waɗanda ke Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da na taskokin malamai a Sakkwato da Kano da Barno.

Mu ɗauki misali da wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu. Shehu Laminu ya tuhumi jama'ar Shehu Usmanu a kan yaƙar Barno, ya ce mutanenta Musulmi ne, saɓo kuma ba ya fitar da mutum daga addini. Bello ya amsa da cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi. To, ina muka fi samun wasiƙun nan? Cikin Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya kammala a 1812. Ke nan ɗaya daga cikin masu jayayyar ne ya taskace mana maganar ɗan'uwansa. Wannan ba suka ba ce ga amanarsa, amma wajibi ne ɗalibi ya san ta hannun wa zance ya iso masa, ya kuma nemi abin da Barnawa suka rubuta.

Sa'an nan ya rarrabe mawallafi da mai kwafe, domin shekarar da ke ƙarshen littafi tana iya zama ta mai kwafen ce. Sau da yawa da ramzi ake rubuta ta, kuma a nan ake zamewa. Malamanmu lissafin Magaribawa suke bi, inda shinun yake 1000, alhali wurin mutanen Gabas 300 ne. Haruffan shinun da ra da fa 1280 ke nan wurinmu, amma wanda ya bi lissafin Gabas zai sami 580, ya mayar da littafin baya da shekara 700.

Haka kuma ya ɗaga takardar ga haske. In ya ga alamar jinjirin wata uku, to daga Italiya aka kawo ta, rubutu kuwa ba ya girme takardar da ke ɗauke da shi.

Ɗalibin da bai koyi wannan ba, ko wane zance aka jingina wa Shehu zai haɗiye shi, gobe kuma ya karantar da waɗansu. Allah Ya sa mu riƙe amanar ilmi, amin.