Kalmar "ji" a harshen fir'aunoni: har yanzu masana na jayayya a kan yadda ake sarrafa ta

Duk ɗalibin da ya shiga ajin koyon harshen tsohuwar Masar, a Alƙahira ne ko a Landan, ba zai daɗe ba sai ya yi karo da wasu zane uku a jere: kunnen sa, da mujiya, da wani maciji mai ƙaho. Kunnen da mujiyar su ne suka haɗu suka ba da baƙaƙe uku, s-j-m, watau aikatau mai nufin "ji". Shi kuwa macijin, harafin "f" ne, wakilin suna na namiji. Masana kan karanta su a haɗe, su ce "sejem-ef". Da wannan kalma ce littattafan nahawu, ciki har da wanda Baturen Ingila Alan Gardiner ya wallafa a shekarar 1927, suke ba da misalin yadda ake sarrafa kowane aikatau na harshen.

Ma'anar kalmar ba za ta zama baƙuwa ga Bahaushe ba. Kamar yadda akan ce yaro ba ya jin magana alhali kunnensa lafiya lau, haka a wurin Misirawan dauri "sejem" ta ƙunshi sauraro da biyayya, har ma da zaman alƙali yana sauraron ƙara. Ma'aikatan ƙauyen Deir el-Medina da ke kusa da Luksor, waɗanda suka sassaƙa kaburburan Kwarin Sarakuna, laƙabinsu "sejem-ash", wato mai jin kira, kuma abin da ake nufi shi ne bara ko hadimi. A birnin Memfis an tono allunan dutse da aka zana wa kunnuwa birjik, waɗanda mabiya addinin wancan zamani suka keɓe wa abin bautarsu Ptah da fatan zai ji roƙonsu. Haka nan littafin nasihohin da ake jingina wa waziri Ptahhotep, wanda cikakken kwafinsa ke ajiye a babban ɗakin karatu na birnin Paris, ya rufe ne da dogon wasa da wannan kalma, yana jujjuya ta tsakanin ji da kunne da ji da zuciya.

Wajen sarrafawa, ana liƙa wakilin suna ne a bayan aikatau. "Sejem-ek" na namijin da ake magana da shi ne, "sejem-es" na mace, "sejem-sen" kuma na jam'i. Wannan "k" da ta yi kama da "ka" ta Hausa ba haɗari ba ne, domin harsunan biyu 'yan dangi ɗaya ne, dangin da ya haɗa har da Larabci da Abzinanci. Akan kuma kawo misali da m-w-t, wadda ke nufin mutuwa, da f-d-w, watau huɗu. Sai dai zumuncin na nesa ne ƙwarai, ba wai Hausa ta fito daga harshen fir'aunoni ba ne.

To, inda gizo ke saƙa shi ne Misirawan ba sa rubuta wasula. Wasulan "e" da ake ji a "sejem-ef" masana ne suka cusa su don harshe ya samu abin kamawa. Saboda haka rubutu guda na iya nufin ya riga ya ji, ko yana ji, ko zai ji, ko kuma fatan ya ji. Mai karanta boko ya san irin wannan matsala. "Ya ji" da ke cikin "ya ji labari" dabam take da ta "jiya ya ji", dabam kuma da ta "a faɗa masa ya ji". Tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su, kuma ba a rubuta ko ɗaya. Bahaushe yana da bakin uwa da zai warware masa, amma mai fassara wasiƙar da aka rubuta shekaru 4,000 da suka wuce ba shi da wanda zai tambaya, ga shi kuwa da bambanci tsakanin umurni da labari.

Tun bayan da Bafaranshe Champollion ya buɗe sirrin rubutun a 1822, masana suke bin sawu. A 1924, Battiscombe Gunn ya nuna wani abin mamaki game da korewa. Siffar "sejem-en-ef" tana nuna abin da ya wuce, amma da zarar an sa mata harafin korewa sai ta koma "ba ya ji" ko "ba ya iya ji", yayin da korarriyar "sejem-ef" ita ce ke nufin "bai ji ba". Wasu aikatau kuma sukan tona asirin da "sejem" ke ɓoyewa. Kalmar "so", alal misali, takan zo wani lokaci "mer-ef", wani lokaci "merer-ef", da baƙi mai maimaituwa.

A kan wannan maimaici ne Hans Jakob Polotsky na Jami'ar Ibraniyanci da ke birnin Ƙudus ya kawo sauyi, tun daga littafinsa na 1944. A ganinsa, irin wannan siffa ba tsawon aiki take nunawa ba, tana ɗauke nauyin magana ne daga kan aikin ta ɗora shi a kan lokaci ko wuri ko yanayi. Wanda ya san bambancin "sun zo jiya" da "jiya suka zo" ya riga ya fahimci abin da ya ɗauki Turawa shekaru suna muhawara a kai. Ra'ayin nasa ya yi tashe har wajajen shekarun 1980, kafin wasu su fara rage masa ƙarfi. Daga bisani masanin Amurka James Allen ya karkata ga cewa siffofin "sejem-ef" ba su kai yawan da ake ƙirgawa ba, kuma ba duka abokan aikinsa ne suka yarda da shi ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi game da sautin kalmar tana wurin Kibɗawan Masar, waɗanda suka rubuta matakin ƙarshe na harshen da haruffan Girka, har da wasula. A wurinsu kalmar ta zama "sotem", wakilin sunan kuma ya koma gaba, ta yadda "afsotem" ke nufin ya ji. Har yau ana furta ta a addu'o'in majami'unsu.