Hoto Dubu Takwas a Kan Ƙwaro Guda

Duk wanda ya taɓa kama malam-buɗe-littafi ya san ƙurar nan mai ƙyalli da ke maƙale masa a yatsu. To, ba ƙura ba ce. In aka sa fiffiken a ƙarƙashin madubin likita, sai a ga ƙananan ɓawo ne birjik, jere sahu-sahu, kowanne ya ɗan hau kan na gabansa kamar na jikin kifi. Kallon bai da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ɗaukar abin a hoto.

Gilashin madubin yana da wata ɗabi'a: gwargwadon yadda ya ƙara wa abu girma, gwargwadon yadda wurin da yake iya nunawa tar ke ƙara sirancewa. A ninki goma kawai, abin da ke fitowa sarai bai kai kaurin silin gashin kai ba. Ƙwaro kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar takarda, jikinsa tudu ne da kwari. Idan idon ƙuda ya fito fes, sai ka ga bakinsa da ƙafafunsa sun shige cikin hazo.

Tun kafin a ƙirƙiro kyamara masana ke fama da wannan. Robert Hooke na Ingila, wanda ya wallafa littafinsa Micrographia a 1665, da hannu ya riƙa zana abin da ya gani, yana murɗa madubin sama da ƙasa yana harhaɗa siffar a kansa. Zanensa na ƙuma da na kwarkwata har yau ana mamakinsu. Tururuwa ce ta fi ba shi ciwon kai, don ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, in kuma ya kashe ta sai jikinta ya ƙanƙance. Daga ƙarshe ya tsoma ta a barasa, ta bugu ta sandare, ya samu kusan awa guda yana nazarinta kafin ta farfaɗo ta kama gabanta.

Abin da Hooke ya yi da ido da ƙwaƙwalwa, shi kwamfuta ke yi yanzu. A ɗauki hoto, a matsar da kyamara gaba ƙiris, a sake ɗauka, haka har a ratsa ƙwaron daga sama zuwa ƙasa. Sannan manhaja irin Zerene Stacker ko Helicon Focus ta tsince wurin da ya fito tar a kowane hoto, ta ɗinke su wuri guda.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, Levon Biss, ya kai wannan aiki maƙura. Ɗansa ne ya tsinto wani ƙwaro a lambun gidansu, daga nan abin ya shiga ransa, har ya koma aron ƙwari daga gidan adana kayan tarihin halittu na Jami'ar Oxford, inda aka baje kolin hotunan a 2016. Yakan kasa jikin ƙwaro kashi kusan 30, ya haska kowane kashi daban, domin hasken da ya dace da ido mai santsi ba shi ya dace da ƙafa mai gashi ba. Tsakanin hoto da hoto kyamarar tana matsawa maikiron 10 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Hoto guda da mai kallo ke gani ya ƙunshi hotuna wajen 8,000, aikin makonni, kuma wasu an buga su da faɗin mita uku.

A irin wannan kusanci, motar da ta wuce a titi tana iya girgiza tebur ta ɓata aikin yini. Ƙura kuma ita ce babbar abokiyar gaba, shi ya sa ake wanke ƙwaron, a busar da shi, a bi gashinsa da ɗan siririn buroshi. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta tsere wa mai sharar, a kan hoton mita uku sai ta zauna a kan idon ƙwaron kamar tsakuwa.