Zugin Haƙori Daga Ruwan Sanyi: Toshe Ƙofa Ya Fi Lallashin Jijiya

Zugin nan mai kaifi da ke tsirga wa mutum idan ya kurɓi ruwan sanyi, ya kuma ɗauke nan take, yana da sanadin da aka gane. A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai wani sashe mai cike da dubban ƙananan hudoji masu ruwa, waɗanda suka miƙe har zuwa jijiya. Idan ɓawon ya zaizaye ko dasashi ya ja baya, bakin hudojin sai ya buɗe, sanyi ya motsa ruwan, jijiya ta amsa. Wani likitan haƙori ɗan Suwidin, Martin Brännström, shi ya kafa wannan bayani a shekarun 1960.

Daga nan magani ya rabu gida biyu. Tsofaffin man goge baki masu sinadarin fotasiyam jijiyar suke kwantarwa, ƙofar kuwa tana nan a buɗe. Sababbin kayan toshe ta suke yi. Mafi ban sha'awa a cikinsu shi ne wani gilashi da Larry Hench ya ƙirƙiro a Jami'ar Florida ta Amurka a 1969, kuma ƙashi ya yi niyyar gyarawa da shi, ba haƙori ba. Garinsa, wanda ake sa wa a man goge baki da sunan NovaMin, yana narkewa a miyau, ya saki kalsiyam da fosfet, su daskare a bakin hudojin su zama ma'adini irin na haƙorin kansa. A ganina wannan hanya ta fi, domin tushen matsalar take bi.

Wani zai ce ai tsohon man mai arha ma yana aiki, me ya sa za a kashe kuɗi? Gaskiya ne, kuma wanda ya samu sauƙi da shi ba dole ya canza ba. Sai dai sabon ma ba ya yin komai shi kaɗai. Tsami yana narkar da abin da ya toshe hudojin, don haka mai yawan shan lemon kwalba ko tsamiya, sannan ya dirje baki da buroshi mai tauri ko gawayi, yana rushe abin da man ya gina. Kuma idan zugin ya daɗe bayan sanyin ya wuce, ko yana hana barci, to wataƙila kogo ne ko tsagewa, sai likitan haƙori ya duba.