An Rage Kuɗin Wankin Ƙoda, To Wa Zai Cire Robar Wuya?

A 2025 gwamnatin tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, aka yi ta yabo. Yabon ya dace. Sai dai an bar maganar robar da ake zura wa majinyaci a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi, alhali ta nan cuta ke shiga jinin mutanen da injin wankin ya ceto.

Robar wucin gadi ce. Ta matsematsi bai kamata ta wuce mako guda ba, ta wuya kuma 'yan makonni. Mai ciwon ƙoda daga Batsari ko Safana kuwa ba ya isa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, sai jiki ya kumbura numfashi ya yi nauyi. A lokacin ba halin jiran aikin haɗa jijiyoyi a hannu, wanda ke buƙatar kamar mako 6 ko fiye kafin ya nuna. Sai a sa roba. Kuɗin gona da na dabbobi su ƙare a wanki, aikin hannu ya gagara, roba ta zauna. Ƙwayoyin cutar da ke kan fata su bi ta zuwa jini, ko jini ya daskare a cikinta, ko jijiyar ta tsuke har ta ɓata hannun da za a yi wa aiki nan gaba.

Mafi muni shi ne bayan an koma gida. Zazzaɓi da rawar ɗari suka taso, sai a nufi kemis a karɓo maganin maleriya, domin hanyar Katsina ba a shigarta da dare saboda 'yan bindiga.

Wasu na ɗora laifin kan sakacin ma'aikata. Akwai ƙamshin gaskiya: a jihar Michigan ta Amurka, wanke hannu da tsaftace fata da makamantansu sun rage irin wannan cuta da kusan kashi 66 cikin 100, kamar yadda binciken Peter Pronovost na 2006 ya nuna. Amma cikin ƙa'idojin nasa har da cire robar da zarar an gama da ita, kuma nan ne muka gaza.

Ya kamata gwamnatin Katsina ta ɗauki nauyin aikin jijiyar hannu, ta kuma sa gwajin ƙoda ga masu hawan jini da ciwon suga a Babban Asibitin Batsari.