Idan dattijo ya daina fitowa majalisa, a bi sawunsa

A unguwanninmu na Kudu, daga Agege har Sabon Ibadan, akwai dattawan da suka zo fataucin shanu ko goro tun suna samari, yau sun haura saba'in. Da yawansu iyali na Arewa, 'ya'ya sun watse neman na kansu. Ɗaki ɗaya na haya, fansho babu. Abin da ke riƙe da su jama'a ce: sallar jam'i, majalisar bayan La'asar, zaman kara, suna da ɗaurin aure.

Wani zai ce ai hira ce kawai. To, tsohon da ke takawa masallaci sau biyar a rana ƙafarsa ba ta saurin mutuwa. Wanda ake kira ya raba gardamar ciniki, kansa na aiki. A majalisar ne kuma ake lura Baba ya rame, ko maganarsa ta fara sarƙewa. Hawan jini ba ya sallama fa, mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Daga nan lissafi ya canza. Sai an ɗaga shi, an yi masa wanka, an kai shi bayi, a riƙa juya shi a shimfiɗa kada gyambo ya fito masa a baya. Jinya ce ta watanni, wani sa'in shekaru. A gida akwai mata da jikoki masu karɓar juna. A nan kuwa sai yaran shago da maƙwabta, su ma da asuba sun wuce kasuwa. Abin da na fi gani a kara shi ne a yi karo-karo a sa shi a mota zuwa garin da ya bari shekara arba'in, inda tsaransa duk sun rasu.

A 2018 Buhari ya sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, amma takarda a Abuja ba za ta juya majinyaci a Agege ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara za su iya ɗauko ma'aikacin lafiya ya riƙa awon jini bayan Juma'a. In an kwana biyu ba a ga dattijo a sahu ba, a tura yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Tsofaffin mata sun fi ba ni tausayi. Ba su da majalisa a bakin titi, in ƙafa ta hana Inna zuwa Islamiyya da biki, sai ta yi mako a ɗaki ba wanda ya leƙa.